Chester Williams: Ɗan wasan da aka ɗora wa nauyin haɗa kan ƙasa

A ranar 24 ga Yuni, 1995, Shugaba Nelson Mandela ya shiga filin Ellis Park da ke Johannesburg sanye da koriyar rigar Springboks, domin miƙa wa ƙasarsa Kofin Duniya na wasan zari-ruga. Cikin 'yan wasan Afirka ta Kudu da suka doke New Zealand da maki 15 da 12, mutum ɗaya ne tak ba farar fata ba: Chester Williams.

An haife shi a garin Paarl a 1970, lokacin da mulkin wariyar launin fata ke kan ganiyarsa, rigar Springboks kuma ta zama tambarin fararen fata tsiraru. Ya fara buga wa ƙasarsa wasa a 1993, a karawa da Ajantina.

Saura ƙiris gasar 1995 ta wuce shi, domin rauni ya fitar da shi daga tawagar tun kafin a fara. Sai da aka dakatar da Pieter Hendriks saboda dambe a wasansu da Kanada sannan aka sake kiransa. A wasan kusa da na kusa da ƙarshe, sau huɗu yana dire ƙwallo bayan layin Samoa ta Yamma.

Sai dai ba duk abin da ke cikin ɗaki ake gani daga ƙofa ba. A littafin tarihin rayuwarsa na 2002, Williams ya bayyana cewa yayin da ake tallata fuskarsa a matsayin shaidar sulhu, shi kuwa yana haɗiye kalaman wariya, har daga bakin waɗanda suka sa riga ɗaya da shi. Burinsa shi ne a auna shi da ƙwazonsa, ba a ɗauke shi ɗan cike gurbi ba.

Duk da raunin gwiwa da ya addabe shi, ya buga wa ƙasarsa wasa 27 zuwa shekarar 2000, sannan ya koma horarwa. Yana kocin Jami'ar Western Cape ya rasu a ranar 6 ga Satumba, 2019, yana da shekara 49.

Ba a cika wata biyu ba, Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin Springboks, ya ɗaga Kofin Duniya a Japan.