GUZURIN MATAFIYI: WANE KUƊI, KUMA TA WACE HANYA?

Kowace shekara dubban ƴan Nijar suna ƙetare iyaka. Akwai ɗan kasuwar Maraɗi mai zuwa Kano, ko Lome, ko Dubai. Akwai maniyyacin da ya nufi Makka. Akwai ɗalibi, da ma'aikacin da aka tura taro, da mai neman magani. Kowannensu, kafin ya ɗaure kaya, sai ya yanke shawara a kan abu biyu: wane irin kuɗi zai riƙa, kuma ta wace hanya zai tafi da shi. Wanda ya yi kuskure a nan yana iya rasa abin da ya yi shekaru yana tarawa.

Matsalar tsohuwa ce. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro kanwa da fatu da tufafi suke ɗauka su sayar a can, domin wuri yana da nauyi ƙwarai. A 1851, lokacin da Bature Heinrich Barth ya sauka Kano, dalar azurfa guda tana daidai da wuri wajen 2,500. Mahajjatan da kuwa, masu bi ta Cadi da Sudan a ƙasa, da yawansu aiki suke yi a hanya domin samun guzuri, har tafiyar ta ɗauki shekaru. Yau jirgi ya gajarta hanya, amma lissafin guzuri yana nan.

Inda sefa take ci

Sefar da ke hannun ɗan Nijar ta bankin BCEAO ce, mai cibiya a Dakar. Ƙasashe 8 ke cin kasuwa da ita: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodibuwar, Gine Bisawu, Mali, Senegal da Togo. Fitar Nijar da Mali da Burkina daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu 2025 ba ta canja kuɗin da suke aiki da shi ba. Saboda haka mai zuwa Lome, ko Wagadugu, ko Abijan ba shi da buƙatar ɗan canji.

Wanda ya nufi Cadi ko Kamaru kuwa, sai ya lura. Can ma sefa ce, darajarta kuma ɗaya da ta nan, amma ta wani banki ce dabam, watau BEAC mai cibiya a Yawunde. Tun 1993 bankunan biyu suka daina fanso takardun junansu. Dalili ke nan jikka goma ta Yamai, in ta je Njamena, sai an canja ta, mai canjin kuma ya cire nasa. A wannan shekara ta 1993 ne kuma aka daina fanso takardun sefa da aka fitar zuwa ƙasashen da ba su cikin yankin. Shi ya sa bankunan Turai da na ƙasashen Larabawa ba su ɗokin karɓarsu, wanda ya karɓa kuma da rahusa yake saye. Mai zuwa nesa, gara ya yi canjinsa tun a gida.

Yuro, dala da riyal

Tun ran 1 ga Janairu 1999 sefa tana ɗaure da yuro: yuro 1 daidai yake da sefa 655.957. Ke nan yuro 1,000 ya kama kusan jikka 656, ban da ladar canji. Mai zuwa Faransa, ko Beljiyam, ko Italiya ya san lissafinsa tun kafin ya tashi.

Dalar Amurka, wadda ba ta da haɗi da dalar kasuwar nan mai sefa 5 sai suna, ita ba a ɗaure take da sefa ba. Yau ta hau, gobe ta sauka. Amma da ita aka ɗaure riyal na Saudiyya, dala 1 a kan riyal 3.75 tun 1986, haka kuma dirhamin Dubai, a kan 3.67. Wannan ya sa dala take da sauƙin canji a Makka, da Madina, da kasuwannin Dubai.

Abin kiyayewa shi ne yawan canji, domin kowane hannu da kuɗi ya bi sai ya rage wani abu. A misali, in kowane mai canji yana cire 2 cikin 100, wanda ya mai da sefa miliyan 1 zuwa yuro, sa'an nan ya mai da yuron riyal, ya bar kusan jikka 40 a hanya. Canji a filin jirgi da otal kuwa, galibi ya fi na cikin gari tsada. Sai kuma lafiyar takarda: masu canji da yawa ba su son tsofaffin takardun dala, ko yagaggu, ko waɗanda aka yi wa rubutu. Sabuwar takardar dala 100 mai shuɗin zare ta fito a 2013, ita aka fi nema. Takardar yuro 500 kuma an daina fitar da ita a 2019. Doka ba ta soke ta ba, amma kantuna da dama ba su karɓa.

Darasin naira

Mutanen Ƙonni, da Ɗan Isa, da Magarya sun san naira kamar kuɗin gida. Sun kuma san halinta. A watan Afirilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canja launin takardun naira, ta rufe iyaka, ta ba da kwanaki ƙalilan na musanya. Ba a buɗe iyakar ba sai 1986, kuma ƴan kasuwar wannan ɓangare da ke da naira a ajiye sun tafka hasara. A ƙarshen 2022 aka sake fasalin takardun naira 200, da 500, da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya, sai da Kotun Ƙoli ta Najeriya ta sa baki a watan Maris 2023. A watan Yuni na wannan shekara aka saki farashin naira: dalar da banki ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya kwana da naira a akwati tsawon wannan lokaci, fiye da kashi biyu cikin uku na darajarta ya tafi.

Sefa ma ta taɓa yin nata. A watan Janairu 1994 aka karya darajarta da rabi cikin dare ɗaya: faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Darasin ɗaya ne: kuɗin wata ƙasa na biyan buƙatar tafiya ne. Matafiyi ya canja daidai abin da zai kashe, in ya dawo da saura ya mai da shi na gida.

Tsaba, kati, ko aike

Tsabar kuɗi kowa yana karɓa, ba ta jiran wuta ko intanet. Aibinta, in ta ɓace ta ɓace ke nan. Takardar cek ta matafiya, wadda ma'aikata suka saba da ita a da, yau da wuya a sami mai karɓa. Katin banki ya maye gurbinta.

Kati iri biyu ne. Mai alamar GIM, tsarin da aka kafa a 2003, yana aiki a ƙasashen sefa 8 ɗin nan. Mai alamar Visa ko Mastercard yana aiki a yawancin duniya. In kati ya ɓace, ana sanar da banki a rufe shi, kuɗin na nan. Amma kowace cira a ƙasar waje tana da lada, banki kuma yana iyakance abin da za a cira a rana ko a mako. Ya kamata mai kati ya je bankinsa kafin tafiya, ya tambayi ladar da iyakar, ya tabbata an buɗe katin domin aiki a waje. In injin cirar kuɗi ya ba da zaɓi, a zaɓi lissafi da kuɗin ƙasar da ake ciki, domin farashin da injin ke yankewa da kansa yakan fi tsada. Lambar sirri kuwa, a ka ake ajiye ta. Ba a rubuta ta jikin kati, ba a ba abokin tafiya.

Hanya ta uku ita ce aike ta kamfanonin da hukuma ta yarda da su, irin su Nita, da Al Izza, da Western Union, mutum ya karɓa inda ya sauka da takardar shaidarsa. Ita ma tana iya tsayawa. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar daga 30 ga Yuli 2023 zuwa 24 ga Fabrairu 2024 ya nuna cewa hulɗar banki da waje tana iya cijewa ba zato. Don haka mai hankali yakan raba guzurinsa: kaɗan a aljihu na mota da abinci, wani a ɓoye a jiki, sauran a kati ko a hannun amintacce a gida wanda zai aiko in an buƙata.

Abin da doka ta ce

Ɗaukar kuɗi mai yawa ba laifi ba ne; ɓoye shi ga duwan shi ne laifi. Mai shiga ƙasashen Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye, tilas ya bayyana. Amurka ma haka take ga abin da ya wuce dala 10,000, Saudiyya kuma tana da nata ma'auni. A gida, dokar UEMOA ta 2010 ta ƙayyade wa mai fita daga yankin tsabar kuɗin waje da ba ta wuce ta sefa miliyan 2 ba, saura ya bi ta kati ko banki. An yi sabuwar doka a watan Disamba 2024, saboda haka sai a tambayi banki ko duwan iyakar da ke aiki ranar tafiya. Matambayi ba ya ɓata.

Canji a banki ko wurin mai izini yana zuwa da takardar shaida, ita ce ke kare matafiyi in an tambaye shi asalin kuɗinsa. Mai canjin bakin titi yana iya ƙara ɗan abu a farashi, amma ba ya ba da takarda, in kuma jabu ta shiga cikin ƙullin, babu wurin kai kuka. Haka nan kada a karɓi saƙon kuɗi a rufe daga wanda ba a sani ba: a gaban duwan, mai ɗauke da kaya shi ne mai kaya.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Tambayar banki, da ƙirga takardu a gaban mai canji, da adana shaida, aikin yini ɗaya ne kafin tafiya, kuma shi ke sa alhaji da ɗan kasuwa su dawo gida da dukiyarsu da mutuncinsu.