Samanja Mazan Fama: Banufen Da Ya Yi Magana Da Bakin Sojojinmu

A watan Nuwamba na 2023, ranar da labarin rasuwar Usman Baba Pategi ya iso Zuru, wani dattijo a ikilisiyarmu ya tare ni a bakin majami'a ya ce, "Malam, ka ji Samanja ya tafi?" Ya faɗe shi kamar wanda aka yi wa rasuwa a cikin gida. Bai taɓa ganin mutumin ido da ido ba. Tsohon kofur ne, kuma shekaru da yawa Samanja ne kaɗai yake gani a talabijin da ke magana irin tasa.

Mai karatu da ba ɗan ƙasar nan ba ne, sai ya san cewa da wuya ka shiga gida a Zuru ba ka tarar da hoton wani sanye da kaki a bango ba. Tun zamanin Turawa ake ɗibar samarinmu aikin soja. Marigayi Sarkin Zuru, Muhammadu Sani Sami, Manjo Janar ne, kuma daga nan Janar Ishaya Bamaiyi ya fito har ya riƙe shugabancin sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. To amma a bayan kowane janar akwai ɗaruruwan kurata da kofurori da saje-saje da ba wanda ya rubuta sunansu. Nasu ne Samanja.

An haifi Usman Baba a Pategi, cikin Jihar Kwara ta yanzu. Banufe ne, ɗan gidan sarauta, amma bai zauna jiran gadon mulki ba. Ya taho Kaduna neman abin kansa, ya yi aiki a gidan rediyo, ya kuma shiga soja a zamanin da ƙasar nan ta faɗa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Wasan Samanja Mazan Fama a rediyon Kaduna ya soma, cikin shekarun 1970, daga baya ya koma talabijin, inda jama'a suka ga fuskar da suka daɗe suna jin muryarta.

Abin da ya riƙe mutane shi ne harshensa. Samanja yana magana da Hausar bariki, wadda ta cakuɗe da Turancin fareti, ana mai da mace namiji a tsakiyar zance, ana ba da oda ko da ruwan sha ake nema. Wani ɗan wasa da zai yi wannan, da ba'a zai yi. Shi kuwa ya zauna cikin bariki, ya san yadda samanja yake tsakanin hafsa da kurtu: na sama ya daka masa tsawa, shi ya juyo ya sauke a kan na ƙasa, ya koma gida kuma uwargida ta nuna masa cewa igiyar hannunsa ba ta aiki a madafa. Ana dariya har da hawaye, amma ba a tashi da raina mutumin ba. Yana da fushi, yana da kuri, kuma ba ya barin yaransa cikin wahala.

Ni dai ban riski ganiyar wasan ba. A kaset na fara ganinsa a gidan kawuna, wanda shi ma ya yi kaki, kuma shi ne yake tsayar da mu yana bayyana mana abin da ake nufi da kowace oda. Sai da na girma na gane wani abu. Mu da muke sujada da Hausa, yawancinmu ba ita muka sha a nono ba. Dakarkari ne mu da Kambari da Dukawa, kuma sau da yawa an yi wa iyayenmu dariya a kasuwa saboda karin harshensu. Ga wani, shi ma ba Bahaushe ba, ya ɗauki wannan Hausa ya kai ta gidajen sarakuna da na attajirai, kowa yana jiran lokacin shirin. Duk sa'ad da nake koya wa 'yan ajin baftisma labarin jarumin sojan Roma da ke Matiyu sura 8, mutumin da ke ƙarƙashin iko kuma yake da wasu a ƙarƙashinsa, tsofaffin da ke zaune a baya sun fi kowa saurin fahimta.

Musulmi ne, ya rasu a Kaduna yana da shekara fiye da 80, aka yi masa sutura bisa addininsa. A ranar Lahadin da ta biyo baya, tsohon kofur ɗin nan ya nemi a saka iyalin mamacin cikin addu'ar jama'a, aka kuwa saka. Yaran ƙungiyar matasa da suka ji sunan suka shiga tambayar juna ko wani ɗan ikilisiya ne ya rasu, don ba ko ɗaya cikinsu da ya taɓa kallon wasan.