Akwatin Mai Sharhi da Hayaniyar Matan Fada

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, fage ne mai wahalar da mai sharhin rediyo. Da zarar an harba bindigar fara gasa, dubban masunta kan afka kogin Matan Fada da homa da gora, ga kiɗa daga kwale-kwale, ga sowar 'yan kallo. Mai sauraro a ƙauye kuwa ba shi da ido a wurin sai muryar mai sharhi. Idan hayaniya ta shanye ta, biki ya wuce shi. Wannan muƙala ta duba na'urorin da ke tsare wannan murya.

Na farko shi ne makirufo. Ƙa'idar kimiyyar sauti ta nuna cewa a fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin sauti kan ragu da kimanin desibel 6. Saboda haka kusantar baki ita ce babbar dabara. Wannan ne ya sa injiniyoyin BBC a Ingila suka tsara makirufon leɓe, irin su Coles 4104, wanda ake jingina shi da leɓen sama, ya ɗauki maganar da ke kusa, ya rage ƙarar da ke nesa. Akan kuma sanya wa makirufo soso don kare shi daga bugun iska.

Daga nan sauti kan shiga akwatin mai sharhi, wato ƙaramar na'urar da ke gabansa. Tana ɗauke da madannin ƙara murya ko rage ta, da ma'aunin da ke nuna ƙarfinta, da maɓallin tari, wanda ke katse makirufo idan mai magana zai gyara murya. Akwai kuma sashen da ke danne ƙarar da ta zo kwatsam, kamar ta bindiga, don kada sautin ya fashe a kunnen mai sauraro.

Aiki na uku shi ne sadarwa da ɗakin watsa shirye-shirye. Idan daga Birnin Kebbi ake watsa bikin, mai shirya shiri kan yi magana da mai sharhi ta wani layi na daban, wanda ke shiga kunnensa kawai, jama'a ba su ji. Ta nan yake sanin lokacin farawa da na dakatawa. Sai dai sautin da ya bi waya ko intanet kan ɗan makara. Idan muryar mai sharhi ta dawo masa a makare, harshensa zai sarƙe. Maganin wannan shi ne a mayar masa da dukkan sautin shirin ban da muryarsa.

A ƙarshe, manufar waɗannan na'urori ba kawar da hayaniya ba ce, domin kiɗa da sowa su ne shaidar cewa a bakin kogi ake. Shi ya sa akan ajiye makirufo na biyu mai ɗaukar ƙarar taro, a haɗa ta ƙasa da murya. Gwanintar injiniyan sauti tana ga wannan awo: idan taro ya yi yawa, sunan wanda ya kamo giwan ruwa mafi nauyi ya ɓace, idan ya yi kaɗan, sai a zaci daga ɗaki ake karanta labari.