Idan Dawaki Suka Zama Ɗaya, Sai A Ga Mahayi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin sukuwa, a Gidan Rumji ko a Tibiri, ya san muhawarar da ke biyo bayan tsere, domin da zarar doki ya iso gaba sai jama'a su rabu biyu, waɗansu su yabi mahayi, waɗansu kuwa su ce ai dokin ne ya ci, da ma ubangijinsa attajiri ne wanda ba ya ƙyashin dawa da harawa da kanwa. Wannan mas'ala, wadda har yau ba a yanke mata hukunci a dandalinmu ba, ita ce ta dami ma'abota tseren motoci na dogon zango a Turai.

Uwar wannan tsere ita ce ta garin Le Mans a Faransa, wadda aka fara a 1923, inda mota ke gudu awa 24, ba ta tsayawa sai don shan mai da sauya taya da musayar direba. Mutanenta ba baƙi ba ne gare mu, domin Jacky Ickx, ɗan Beljiyam da ya ci ta sau shida, shi ne ya ci tseren Paris-Dakar na 1983 wanda ya ratsa Tenere da Agadas.

Illa dai motocin babban aji, waɗanda ake ƙerawa don tsere kaɗai, manyan kamfanoni ne ke narka musu dukiya, ta yadda saurayi, kome hazaƙarsa, ba shi da ƙofar shiga. Sai ƙungiyar ACO, mai shirya gasar, ta yi irin hikimar malaman zaure, waɗanda ba su ɗora almajiri a kan Muhtasar sai ya ratsa Ahalari da Ishmawi. A 2009 ta kafa wani ƙaramin aji wanda kowa a cikinsa mota iri ɗaya yake tuƙawa, ƙirar kamfanin Oreca; a 2015 kuma aka fito da ajin LMP3, inda aka yarje wa 'yan maƙera kaɗan, irin su Ligier da Ginetta, su ƙera gangar jiki, alhali injin iri ɗaya ne ga kowa, a lokacin na Nissan mai silinda takwas, kuma aka ƙayyade farashi don kada mai kuɗi ya sayi nasara.

Fa'idar wannan ƙa'ida a bayyane take: tun da an hana ƙara wa inji ƙarfi, abin da ya rage a kan mizani shi ne hannun direba da natsuwarsa, da iya tattalin mai da taya a tseren wannan aji na awa huɗu, da sanin lokacin da ya dace ya wuce motar da ta tare masa hanya, da haƙurin miƙa wa abokinsa mota lafiya lau, wanda a ganina shi ne darasin da ya fi wuya ga matashi mai zafin jini. Shahararren ɗan tseren keken nan na Birtaniya, Chris Hoy, ta nan ya bi: shi da Charlie Robertson suka ci kambin ajin na Turai a 2015, a shekara ta gaba kuwa ya hau aji na sama ya shiga Le Mans kanta.

Sai dai kada mai karatu ya zaci araha irin tamu ake nufi. Mota guda ta haura Yuro dubu 200, wato fiye da miliyan 130 na sefa, ban da taya da mai da albashin makanikai. Yaron da ke kabu-kabu tsakanin Agye da Gazawa, wanda wataƙila hannunsa ya fi na waɗansu direbobin tsere, ko kuɗin jirgin zuwa kallo ba zai tara a shekara ba.