Na'urar da aka ce za ta samar da wuta kusan kyauta: Me ya sa masana suka ƙi yarda?

A watan Yulin 2017 aka rufe wata shari'a a kotun tarayya da ke Miami a Amurka, kwanaki kaɗan bayan an fara sauraronta. Ɓangarorin biyu sun sasanta, kowa ya kama gabansa, kuma kotun ba ta kai ga amsa tambayar da mutane da yawa suka zuba ido su ji ba: shin na'urar Andrea Rossi tana aiki kuwa?

Rossi, ɗan kasuwa ne ɗan ƙasar Italiya, shi ya shigar da ƙarar yana neman dala miliyan 89 daga kamfanin Industrial Heat na jihar North Carolina. Kamfanin ya riga ya biya shi dala miliyan 11.5 don mallakar fasahar na'urarsa mai suna E-Cat, wadda ya ce tana fitar da zafi ninkin-ba-ninkin wutar da take ci. Kamfanin kuwa ya ce ya yi ta gwadawa da kansa bai ga komai ba.

Wannan rigima reshe ce ta wata tsohuwar muhawara kan abin da Turawa ke kira cold fusion, wato haɗewar nukiliya cikin sanyi.

Abin da ake nufi da shi

Rana tana samun haske da zafinta ne daga haɗewar cibiyoyin ƙwayoyin zarra na haidirojin. Cibiyoyin nan suna ture juna da ƙarfin gaske, saboda haka sai da matsi da zafi mai tsanani suke haɗuwa. A tsakiyar rana zafin ya kai kimanin digiri miliyan 15 a ma'aunin Selsiyos. Tashar gwaji ta ITER da ake ginawa a kudancin Faransa kuwa digiri miliyan 150 take nema, tun da babu matsin rana a doron ƙasa.

Masu da'awar haɗewa cikin sanyi suna cewa za a iya yin wannan aiki a kan teburin ɗakin gwaji, cikin kwalba ko ɗan bututu. Da hakan zai tabbata, da man fetur da gawayi da iskar gas sun zama tarihi. Girman ribar shi ne ya sa maganar ta ƙi mutuwa.

Yadda aka faro

Ranar 23 ga Maris, 1989, wasu masana ilimin sinadarai biyu, Martin Fleischmann da Stanley Pons, suka kira 'yan jarida a Jami'ar Utah. Suka ce sun tsoma ƙarfen faladiyom cikin ruwa mai nauyi, wato ruwan da ke ɗauke da nau'in haidirojin da ake kira diyuteriyom, suka sakar masa wutar lantarki, sai kwalbar ta fitar da zafin da ya wuce abin da sinadarai za su iya samarwa.

Ba mutanen banza ba ne. Fleischmann yana cikin manyan masanan fanninsa a Birtaniya. Cikin makonni dakunan gwaji a faɗin duniya suka duƙufa kwaikwayo. Jami'ar Georgia Tech ta sanar da cewa ta gano ƙwayoyin niyutron, waɗanda alama ce ta haɗewar nukiliya, bayan 'yan kwanaki ta janye, domin ashe zafi ne ke ruɗa na'urar da ta yi awo da ita. Caltech da MIT a Amurka da cibiyar Harwell ta Birtaniya duk sun gwada ba su samu komai ba.

Akwai kuma wata tambaya da ta tsaya wa masu da'awar a wuya. Idan zafin da suka ce sun auna daga haɗewar diyuteriyom ya fito kamar yadda aka san ta, yawan niyutron ɗin da zai fita ya isa ya halaka duk wanda ke ɗakin. Ga su kuwa lafiya lau suna magana da 'yan jarida.

A watan Nuwamban shekarar wani kwamiti na Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ya ce hujjojin ba su gamsar ba. Cibiyar da jihar Utah ta zuba wa kusan dala miliyan 5 ta rufe a 1991. Mutanen biyu suka koma Faransa suka ci gaba da aiki a wani ɗakin gwaji mai alaƙa da kamfanin Toyota, shi ma aka rufe shi a 1998. Ma'aikatar ta sake duba batun a 2004, ra'ayin masu bitar ya rabu kan zafin, amma mafi yawansu ba su yarda cewa nukiliya ce tushensa ba.

Akwatin Rossi

Fleischmann da Pons dai sun bayyana abin da ke cikin kwalbarsu, shi ya sa ma aka iya ƙaryata su. Rossi bai yi haka ba. A Janairun 2011 ya nuna E-Cat a birnin Bologna tare da Sergio Focardi, tsohon farfesan kimiyyar lissafi da ƙarfi na jami'ar birnin. Ya ce garin ƙarfen nikel ne da haidirojin da wani sinadari na sirri, kuma nikel ɗin yana rikiɗewa ya zama jan ƙarfe.

Matsala ta farko daga tururi ta fito. Ana zuba ruwa ta gefe guda, a ce ya fita a matsayin tururi ta ɗaya gefen, sai a lissafa zafin. To amma mayar da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa tururi yana cin zafi kusan ninki bakwai na abin da ake buƙata a tafasa ta tun farko. Idan rabin ruwan ma ya fita yana ruwa, ko tururin na ɗauke da ɗigo-ɗigo, lissafin ya kumbura ke nan. Masu suka sun ce ba a auna wannan yadda ya kamata ba.

Da aka binciki garin da aka ce ya fito daga na'urar a Sweden, an samu jan ƙarfe, sai dai nau'o'insa sun yi daidai da na jan ƙarfen da ake haƙowa daga ƙasa. Wanda aka samar ta hanyar nukiliya ba a sa ran ya zo haka.

A watan Oktoban 2011 Rossi ya nuna babbar tasha cikin kwantena wadda ya ce za ta iya ba da megawat ɗaya. A tsawon gwajin janareta mai amfani da dizal yana kunne a gefe. A 2012 attajirin nan na Ostiraliya, Dick Smith, ya yi tayin dala miliyan ɗaya idan Rossi zai maimaita gwajinsa a gaban masu awo masu zaman kansu. Rossi ya ƙi.

Magoya bayansa sun fi kafa hujja da gwajin Lugano na Switzerland a 2014, inda wasu masana daga Italiya da Sweden suka kunna na'urar kwana 32 suka ce ta ba da fiye da ninki uku na abin da ta ci. Sai dai Rossi da kansa yana wurin lokacin zuba garin da lokacin kwashe shi. Zafin kuma da kyamarar da ke auna zafi daga nesa aka ƙiyasta shi, kuma wasu da suka bi lissafin daga baya sun ce an yi kuskure wajen saita ta ga irin kayan da aka yi bututun da shi.

Gwajin da ya kai su kotu an yi shi ne kusan shekara guda a wani ɗakin ajiye kaya a Doral da ke Florida. Megawat ɗaya daidai yake da dutsen guga dubu a kunne lokaci guda, dare da rana. Industrial Heat ya ce da zafi haka yana fita da babu mahalukin da zai iya zama a ɗakin, kuma kamfanin da aka ce yana sayen zafin ba abokin ciniki na gaskiya ba ne. Rossi ya musanta, ya ce akwai na'urar da ke fitar da zafin waje, sai dai an riga an kwance ta.

Duk mai kallon bidiyon janareta mara mai da ke yawo a Facebook da WhatsApp zai gane salon: mai kayan shi ke kunnawa, shi ke aunawa, kuma ba ya barin a tafi da akwatin.

Waɗanda ba su fid da rai ba

Bai kamata a haɗa kowa da Rossi ba. Akwai masana da suka shafe shekaru suna bincike a fili ƙarƙashin sabon suna, LENR, suna wallafa abin da suka gani, kuma ƙorafinsu na da ƙamshin gaskiya: abin kunyar 1989 ya sa matasan masu bincike na gudun fannin don tsoron ɓata suna. Rauninsu shi ne har yanzu babu gwaji guda da za a rubuta a takarda a miƙa wa baƙo ya maimaita ya samu sakamako iri ɗaya.

Kamfanin Google ya ɗauki ƙorafin da muhimmanci. Daga 2015 ya kashe kimanin dala miliyan 10 kan masu bincike kusan 30, kuma a 2019 suka wallafa a mujallar Nature cewa ba su ga alamar haɗewa cikin sanyi ba, ko da yake sun ce yanayin da ake da'awar abin na faruwa a cikinsa yana da wuyar kaiwa. A 2023 hukumar ARPA-E ta gwamnatin Amurka ta ware wata dala miliyan 10 ga ayyuka takwas don a warware batun ko ta wace fuska.

A 2025 ƙungiyar Curtis Berlinguette ta Jami'ar British Columbia a Kanada, wanda yana cikin masu aikin Google, ta ba da rahoton cewa cusa diyuteriyom cikin faladiyom ta hanyar lantarki ya ƙara yawan haɗewa da kimanin kashi 15 cikin 100. Sun ƙirga niyutron na gaske, amma harbo ƙwayoyin ake yi da ƙarfi kan ƙarfen, kuma makamashin da ya fito bai ko kusanci wanda na'urar ta ci ba.

Rossi kuwa ya karɓi fasaharsa bayan sulhun Miami, ya ci gaba da sanar da sababbin samfuran E-Cat a intanet. Har yanzu babu wani ɗakin gwaji mai zaman kansa da ya tabbatar da ko ɗaya daga cikinsu.