Salbado: Birnin Barazil Da Ke Ɗauke Da Tarihin Hausawa

Uwargida, da za ki sauka a birnin Salbado na jihar Bahia a Barazil, ƙamshin da zai fara tarbarki sananne ne: ƙosai. Can suna kiransa acarajé. Mata sanye da fararen kaya da ɗankwali ke soya shi da manja a bakin titi. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka je da shi.

Turawan Fotugal suka kafa birnin a 1549, shi ne kuma babban birnin Barazil har zuwa 1763. Tsohuwar unguwarsa, Pelourinho, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1985. Gidajenta masu launin shuɗi da rawaya da ruwan hoda sai sun sa kin ciro waya. Amma kafin ki ɗauki hoto, ki san ma'anar sunan: turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala a bainar jama'a.

Cikin waɗannan bayi akwai Hausawa, kuma ba su yi shiru ba. Sun shirya bore a 1807 da 1814. A daren 24 ga Janairun 1835, cikin watan Ramadan, Musulmi kimanin 600, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan birnin sanye da fararen riguna. An murƙushe su kafin gari ya gama wayewa. A jikinsu aka sami layu da takardu rubuce da Larabci. Sai a 1888 Barazil ta haramta bauta.

Daga nan ki leƙa dandalin Terreiro de Jesus. Ginin makarantar likitanci ta farko a ƙasar, wadda aka kafa a 1808, yana nan, kuma a cikinsa gidan tarihin Afirka da Barazil yake. Sai ki shiga na'urar Lacerda mai tsayin mita 72, wadda tun 1873 take saukar da mutane daga birnin tudu zuwa bakin teku, kusa da kasuwar Mercado Modelo.

Shawarata a matsayin ma'aikaciyar jinya: titunan na dutse ne, ga gangare, don haka ki sa takalmi marar tsini, ki goya jariri maimakon tura shi a keke. Ki riƙe ruwan sha saboda zafi. Ƙosansu kuwa ana cusa masa jatan lande da miya mai gyaɗa, idan jikin yaronki ba ya karɓar su, ki ce a ba ki zalla.

Ko da Allah bai nufa kin je ba, ki ba yaranki wannan labari. Kin taɓa jin sa kafin yau? Ki faɗa mana a ƙasa.