Rijiyar Mai Mai Rassa da Yanayin Ƙasar Yawuri

A fagen haƙar man fetur da iskar gas, rijiya mai rassa ita ce wadda ake buɗe mata baki ɗaya a doron ƙasa, sa'annan idan an nutsa zuwa zurfin da ake so, a karkata haƙan zuwa sassa daban-daban, ta yadda rassa biyu ko fiye za su riƙa zubo mai cikin uwar rijiyar. Injiniya Alekzanda Girigoriyan ne ya tabbatar da amfaninta a 1953 a yankin Bashkiriya na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, inda ya fitar da rassa 9 daga rijiya guda, kuma man da ta bayar ya ninka na maƙwabtanta sau 17, alhali kuɗin da ta ci bai wuce ninki ɗaya da rabi ba.

Haƙa reshen ba shi ne mafi wuya ba, wahalar tana wajen ɗaurin rijiyar, wato zura bututun ƙarfe da zuba siminti domin bango ya tsaya. Duk wanda ya san ramukan zinariya na Bin Yawuri da sauran sassan Ngaski zai gane dalili, domin mahaƙa sukan nutsa da rami ɗaya su bi jijiyar zinariya ta gefe, kuma inda ramin gefe ya rabu da na tsaye nan ne ƙasa ta fi rauni. Haka mahaɗar reshe da uwar rijiya take, ita ce wurin da yashi ke kutsowa, ruwa ya gauraya da mai, ko bango ya rufta. Saboda haka a 1997 masana suka fito da tsarin TAML, wanda ya kasa mahaɗa hawa 6. A hawa na farko, wanda ya dace da dutse mai ƙwari, ana barin mahaɗar tsirara babu bututu babu siminti, a na huɗu kuwa ana ɗaure uwa da reshe duka da siminti, yayin da na biyar da na shida ke toshe mahaɗar ta yadda za ta jure matsin mai da gas ba tare da yoyo ba. Da irin waɗannan rijiyoyi ake janyo mai a filin Troll na Norway da filin Shaiba na Saudiyya.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya game da yiwuwar samun mai a gaɓar Tafkin Kainji, inda ƙasar Yawuri take. Mai yana taruwa ne a cikin duwatsun da suka samu daga laka da yashin da suka kwanta shekaru miliyoyi, alhali galibin ƙasar Yawuri tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ke ɗauke da zinariya. Duwatsun laka suna arewa, a kwarin Sakkwato da ya haɗa da Argungu da Birnin Kebbi, da kuma kudu maso gabas a kwarin Bida, kuma irinsu ne aka haƙa a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aiki a Nuwamban 2022.

Duk da haka batun ya shafi mutanen wannan gaɓa, domin kogi ba ya tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma. Gulbin Sakkwato yana kwararowa cikin Kogin Neja, Neja kuma ta ratsa Shanga da Yawuri ta cika tafkin, don haka duk man da ya tsiyaya a fadamar sama yana iya ƙarewa a komar masuncin Yelwar Yawuri. Al'ummar da madatsar Kainji ta tasa daga tsibirai da garuruwanta a 1968, mutum fiye da dubu 40, ta fi kowa sanin darajar fili. Rijiya ɗaya mai rassa huɗu tana iya maye gurbin rijiyoyi da dama, kowace da hanyarta da ramin zuba dagwalonta, kuma tana ba da damar a kafa na'urar haƙa a kan tudu nesa da ruwa, rassan su bi ta ƙarƙashin fadama ba tare da an taɓa gonar shinkafa ba.